Yadda Ake Fitar da Rigar Sanyi Mai Ƙayyadadden Adadi, Daga Zanen Takarda Zuwa Saƙa

A Birnin Kebbi da Argungu da Jega, da zarar hunturu ya kunno kai a watan Nuwamba kasuwar rigunan sanyi takan buɗe, sai dai mafi yawan abin da ake bajewa gwanjo ne ko kayan kamfani da ake shigowa da su dila-dila. Mai saƙar hannu ba za ta iya gogayya da waɗannan wajen araha ba. Abin da take iya yi, wanda su kuma ya fi ƙarfinsu, shi ne ta fitar da riga mai zane na musamman, ta saƙa guda 12 ko 20 kacal, ta sanya wa kowacce lamba, sannan ta rufe zanen ba za ta sake saƙa shi ba. Wannan bayani na wadda ta riga ta iya saƙar riga marar ado ne, take kuma son ta shiga wannan fage, ko da zanen hannunta ko da haɗin gwiwar wani mai zane. Ƙashin bayan aikin duka shi ne riga ta 12 ta fito daidai da ta farko, ta farko kuma ta fito daidai da abin da ke kan takarda.

Kayan aiki

Za ki buƙaci farar takarda da fensir da abin gogewa da fensira masu launi, da rula, da tef irin na teloli. Ki tanadi littafi guda mai kauri wanda ba za ki rubuta komai a cikinsa ba sai lissafin wannan aiki. Ta ɓangaren saƙa kuwa, akwai tsinken saƙa kashi biyu, misali mai kaurin milimita 4 don jikin riga da mai milimita 3.5 don bakin riga da wuya da bakin hannu, sai kwarashi guda don ɗago idon saƙa, wato madaukin da ke kan tsinke, idan ya zame, da babbar allura marar tsini don haɗa riga da ɓoye bakin zare. Mai keken saƙa za ta bi matakan nan iri ɗaya, zan kuma nuna inda hanyarta ta bambanta. Ana son ƙaramin sikeli mai auna giram. Idan babu shi a gida, sikelin mai shago ya wadatar, domin sau biyu ko uku kawai za a nemi awo.

Zaren da muke kira ulu a kasuwanninmu mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne, na roba ne. Ba aibi ba ne, domin yana jure wanki kuma ba ya tsada, amma ya kamata ki san abin da ke hannunki. Ki yanki ɗan guntu ki kusantar da shi ga ashana: na gashi yana warin ƙonannen gashi kuma tokarsa tana murtsukewa, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri.

Mataki na 1: Zaɓar abin da za a zana da yanke adadi

Kada a fara da kwafo abin da aka gani a waya. Ƙasar Kabi cike take da siffofin da suka dace da saƙa: dagin Arewa, da askar da ake yi wa babbar riga, da zanen ƙwarya, da adon bangon tsofaffin gidaje. Misalin da zan yi amfani da shi har ƙarshe shi ne gora da homa (ragar kamun kifi), wato kayan aikin masuntan da ke faɗawa kogin Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu, bikin da aka fara a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Gora zai zauna a tsakiyar ƙirji, idanun homa kuma su zama ɗamarar ado mai maimaituwa a ƙasan riga. Na zaɓi waɗannan maimakon giwan ruwa da gangan, saboda mutane da dama ba sa son yin salla da tufa mai hoton abu mai rai, rigar sanyi kuwa da ita ake fita sallar asuba.

A wannan matakin ne ake yanke adadi, a rubuta shi a shafin farko na littafi tare da rabon girma, misali ƙanana 4, matsakaita 5, manya 3. Ki yanke shi gwargwadon abin da hannunki zai iya gamawa kafin sanyi ya shigo. Wadda take son kayanta su fito a Nuwamba, a watan Yuli ko Agusta ya kamata ta zauna da takarda. Kada kuma a jingina ciniki da bikin Argungu, domin yakan faɗo ne a Fabrairu ko Maris lokacin da sanyi ke bankwana, ba kuma kowace shekara ake yin sa ba.

Idan wani mai zane ne zai yi miki, ku rubuta yarjejeniya tun yanzu a gaban shaida: riga nawa za a saƙa, nawa ne rabonsa, ko kuɗi ne dunƙule ko kaso a kan kowace riga, wa zai riƙe asalin takardar, kuma shin yana da damar sayar wa wata wannan zane. Yawancin saɓanin da ke raba mai zane da mai saƙa daga rashin wannan 'yar takarda yake tasowa.

Mataki na 2: Zane biyu, ba ɗaya ba

Zane na farko na kyan gani ne: riga a jikin mutum, da launukanta, yadda mai saye zai hango ta. Na biyu na aiki ne: gaban riga da bayanta da hannu, kowanne a shimfiɗe, an rubuta awon faɗi da tsawo da zurfin wuya da ramin hammata, an kuma nuna daidai inda ado zai zauna da nisansa daga wuya. Masu koyo sukan tsaya a na farko, su shiga saƙa, sai an kai ƙirji a ga gora ya haye har cikin wuya.

Ki roƙi mai zane ya rage ƙananan layuka. Fensir yana iya jan layi siriri kamar yadda aka so, amma saƙa ba ta da abin da ya fi ido guda ƙanƙanta, wato madauki ɗaya da ke kan tsinke. Duk abin da bai kai faɗin ido ba a cikin zane, ko dai a kumbura shi ko a cire shi. Launi kuma kada ya wuce uku ko huɗu. Ki jera zarurrukan da kika zaɓa ki ɗauke su hoto da waya, ki mayar da hoton baƙi da fari. Idan launi biyu suka koma toka iri ɗaya, to a jikin riga ma ado zai ɓace daga nesa, sai a canza ɗaya da mai haske ko mai duhu. Farar riga tas tana da kyau a takarda, amma ƙurar hunturu ba ta raga mata, shi ya sa na fi son shuɗi mai duhu ko ruwan ƙasa su zama jiki, fari ko ruwan madara ya zama ado.

Mataki na 3: Ƙyallen gwaji

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma wanda duk lissafin da ke gaba ya dogara a kansa. Ki saƙa ƙyalle mai faɗin inci 6 da tsawon inci 6, da zaren da za ki yi aiki da shi, da tsinken da za ki yi aiki da shi. Ki wanke shi, ki shanya shi a kwance har ya bushe, sannan ki ɗora rula a tsakiyarsa ki ƙirga ido nawa ne a cikin inci 4 a kwance, layi nawa ne a cikin inci 4 a tsaye. Kada a auna daga gefe, domin idanun gefe ba su da daidaito, kada kuma a ja ƙyallen yayin awo.

A ce kin sami ido 22 da layi 30. Ma'anarsa kowane inci yana ɗauke da ido 5 da rabi a kwance, da layi 7 da rabi a tsaye. Idan ƙirjin mai sakawa inci 38 ne, aka ƙara inci 2 na walwala, zagayen riga ya zama 40, gaba kuma 20. Inci 20 sau 5 da rabi ya ba da ido 110. Tsawon inci 24 kuma ya ba da layi 180. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, naki hannun shi zai ba ki naki.

Ki yi ƙyalle na biyu mai ɗauke da adon launi biyu, domin saƙar da zare biyu ke tafiya a cikinta takan fi ta launi ɗaya matsewa. Idan kin ga ta tsuke, sai ki yi amfani da tsinken da ya fi kauri da rabin milimita a wurin adon kawai.

Mataki na 4: Mayar da zane taswirar saƙa

A nan ne zanen mai zane yake zama abin da hannu zai iya bi, kuma a nan ne ya kamata a fi daɗewa. Taswirar saƙa takarda ce mai gida-gida, kowane gida yana wakiltar ido guda, kowane jerin gidaje kuma layi guda. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar littafin lissafi na 'yan makaranta mai gidaje masu kusurwa huɗu daidai wa daida. Idon saƙa ba haka yake ba, faɗinsa ya fi tsawonsa. A misalinmu, gora mai faɗin inci 6 da tsawon inci 6 yana buƙatar ido 33 a kwance amma layi 45 a tsaye. Wadda ta zana shi a gida 33 da 33 za ta ga ya fito da tsawon da bai kai inci 4 da rabi ba, ya baje kamar waina.

Maganin shi ne ki ja gidajenki da kanki. Ido 22 da layi 30 sun yi kusa da kashi 4 a faɗi da 3 a tsawo, don haka ki ja layukan tsaye da tazarar milimita 8, na kwance da tazarar milimita 6. Ki ja shafi guda da kyau ki kai a yi miki kwafi goma a shagon hoto-kwafi. Mai kwamfuta tana iya yin haka a manhajar Excel ta hanyar daidaita faɗi da tsawon gidaje. Idan littafin makaranta kaɗai ke akwai, ana iya amfani da shi, da sharaɗin a bi lissafi a ƙi bin abin da ake gani a takarda: a ware gida 33 da 45, a yarda cewa goran zai yi kama da dogo a takarda, zai kuma daidaita a saƙa.

Daga nan sai ki sake zana siffar a kan girman da ya dace da gidajen, ki ɗora takarda mai gida-gida a kanta, ki manna su a gilashin taga da rana domin layin ƙasa ya bayyana, ki bi shi da fensir a hankali. Sai cike gidaje: duk gidan da siffar ta cinye fiye da rabinsa a cike shi, wanda ba ta kai rabi ba a bar shi. Gefen gora zai fito hawa-hawa kamar yadda dole ne, amma ki lura hawan ya tafi da tsari, misali gida 4, sai 3, sai 2, sai 1, ba 4 sai 1 sai 3 ba. Ki manna takardar a bango ki ja da baya taku biyar ki duba. Abin da idonki ya gani daga nan shi mutane za su gani a titi. Ki kira mai zane ya duba wannan taswira ya amince da ita kafin a ci gaba, tunda sunansa zai hau kan rigar.

Ga adon homa mai maimaituwa, dole adadin idanun gaban riga, ban da ido ɗaya na kowane gefe, ya rabu daidai da faɗin adon. Idan kowane idon homa yana cin ido 12, to sau 9 ya ba da 108, saura 2, ɗaya a kowane gefe, waɗanda ɗinkin haɗi zai cinye. Mai keken saƙa irin wanda ke aiki da kati mai huji ta tuna cewa yawanci katin yana maimaita ado ne a kan ido 24, don haka faɗin adonta ya zama 24 ko abin da ke raba shi daidai, kamar 12 ko 8 ko 6 ko 4.

Ki sanya lambar layi a gefen taswira daga ƙasa zuwa sama, domin daga ƙasa saƙa take tashi. Layin fuskar riga ana karanta shi daga dama zuwa hagu, layin bayanta kuma daga hagu zuwa dama. Ki yi alama a idon tsakiya, daga shi ake ƙirga zaman gora hagu da dama.

Mataki na 5: Zaɓar hanyar shigar da launi

Hanyoyi uku ne, kuma riga guda tana iya haɗa su. Ta farko ita ce tafiya da zare biyu a layi ɗaya, wanda ba a saƙa da shi yana ratsawa ta baya. An san mutanen tsibirin Fair Isle da ke yankin Shetland a arewacin Birtaniya da wannan salo, ƙa'idarsu kuma launi biyu ne kawai a kowane layi. Ita ta dace da adon homa. Kada zaren baya ya tsallake fiye da ido 5 ba a sarƙe shi ba, in ba haka ba yatsa ko zobe zai riƙa kama shi, kada kuma a ja shi da ƙarfi, domin riga za ta tattare. Ki baza idanun da ke kan tsinken dama kafin ki ɗauko ɗaya launin.

Ta biyu ta babban ado ce irin gora, inda kowane yanki na launi yake da nasa ɗan ƙullin zare, ba a ratsa komai ta baya. Ki naɗe zaren a kan guntun kwali, kuma duk inda launi biyu suka haɗu ki sarƙe su da juna, in ba haka ba rami zai buɗe a gefen adon. Ta uku ita ce a saƙa riga ba ado, sannan a bi idanun da allura da zare mai launi ana rufe kowane ido da irin siffarsa. Ita ce mafita ga ƙananan layuka kamar wuyan gora, ga wadda hannunta bai faɗa da hanyoyi biyun farko ba, da kuma mai keken da ba shi da kati.

Mataki na 6: Rigar samfuri da sayen zare

Ki saƙa riga guda cikakkiya a matsakaicin girma, ki haɗa ta, ki wanke, ki sa wani ya saka ya ɗaga hannu ya sunkuya. Ki duba ko kai yana shiga wuya ba da wahala ba, ko gora ya zauna a ƙirji bai gangaro ciki ba. Duk gyaran da aka yi a rubuta shi a littafi nan take, a gyara taswira ma. Ga ƙanana da manya, ba a taɓa girman ado, ana rage ko ƙara idanun gefe ne. Sai dai a adon homa a ƙara ko a rage maimaici guda cikakke.

Yanzu ki ɗora samfurin a sikeli. Idan ya kai giram 450, riga 12 za su ci giram 5,400, a ƙara kashi 10 cikin 100 saboda ɓarna da manyan riguna, ya kusa kilo 6, wato dunƙule 60 masu giram 100. Ki auna ragowar kowane launi domin ki san rabon da ya ci. Ki sayi zaren duka a lokaci guda, ki duba lambar rini da ke jikin takardar kowane dunƙule ta zama ɗaya, domin shuɗin da aka rina yau da wanda aka rina wata mai zuwa sukan bambanta, bambancin kuma sai an fita rana yake nunawa. Idan babu lamba a jiki, ki buɗe jakar a hasken rana ki gwada su gefe da gefe. Idan kuɗi bai isa a saya duka ba, gara a rage adadin riguna tun kafin a sanar da shi.

Mataki na 7: Saƙa, wanki da haɗawa

Idan za ki raba aikin da wasu mata, kowacce ta yi nata ƙyallen gwaji, domin hannu ya bambanta, wata tana matsewa wata tana sakewa. Wadda nata ya fi ido 22 ta ɗauki tsinke mai kauri, wadda bai kai ba ta ɗauki siriri. Kada mutum biyu su raba riga guda. Kowacce a ba ta kwafin taswira, asalin ya zauna a wurinki, ta riƙa ɗora rula a saman layin da take kai tana matsar da ita.

Bayan an gama, a ɓoye bakin zarurruka ta baya da allura, a wanke da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a naɗe cikin tawul a danne ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa a kan tabarma a inuwa, a daidaita ta da tef zuwa awon da ke zane na biyu. Rataya jiƙaƙƙiyar riga a igiya yana sa ta zazzago. Dutsen guga mai zafi kuma yana kashe zaren roba, ya sa shi ya yi laushi da sheƙi, ba ya kuma komawa yadda yake.

Mataki na 8: Lamba, farashi da rufe zane

Ki yanka ƙananan ƙyallaye na farin yadi, ki ɗinka lamba a kan kowanne da zare, 1/12, 2/12, har zuwa 12/12, tare da shekara, ki manna su a cikin wuya ta baya. Samfuri ba ya cikin lissafi, a rubuta masa “samfuri” a ajiye shi. Kowace riga ta tafi da kati mai ɗauke da kwafin zanen farko, da sa hannun mai zane da naki, da bayanin yadda ake wanke ta. A littafi kuma a rubuta lambar riga da girmanta da ranar da ta fita.

Wajen farashi, ki haɗa kuɗin zare, da ladan saƙa bisa kwanakin da riga guda ta ci, da rabon mai zane, da kuɗin kati da leda da mota, da kason samfurin da ba za a sayar ba, sannan ki ɗora riba. Karɓar rabin kuɗi tun daga nuna samfuri yana taimakawa wajen sayen zare a lokaci guda.

Idan ta 12 ta fita, za a sami mai zuwa da roƙo, wataƙila 'yar uwa ko babbar mai ciniki, tana cewa a yi mata guda ɗaya tak ba wanda zai sani. Kada ki yi, domin mutum 12 sun biya kuɗi ne a kan alkawarin cewa babu ta 13. Ki ja layi a kan taswirar, ki rubuta ranar rufewa, ku sa hannu ke da mai zane, ita kuma mai roƙon ki rubuta sunanta a farkon jerin waɗanda za a fara nuna wa zanen baɗi.